Waƙar da Ke Cikin Kwamfuta: Wa Zai Iya Buɗe Ta Bayan Shekara Goma?



Da asubahin ranar 1 ga Yuni, 2008, gobara ta tashi a harabar kamfanin fina-finai na Universal da ke birnin Los Angeles a Amurka, bayan wasu ma'aikata sun yi amfani da wuta wajen gyaran rufi. Labarin da duniya ta fi ji a lokacin shi ne ƙonewar wurin wasan King Kong da masu yawon buɗe ido ke shiga. Sai da aka shekara goma sha ɗaya, a 2019, ɗan jarida Jody Rosen ya fallasa a mujallar jaridar New York Times cewa wutar ta cinye wani ɗakin ajiya da ke ɗauke da mastoci, wato ainihin ɗaukar waƙoƙi, tsakanin 118,000 da 175,000. Wata takardar cikin gida ta kamfanin waƙoƙi na Universal, mai mastocin, ta ƙiyasta waƙoƙi kusan 500,000. Rahoton ya ambaci manya irin su Louis Armstrong, Chuck Berry da John Coltrane. Kamfanin ya ce an zuzuta asarar, kuma an yi ta ja-in-ja har gaban kotu, amma babu wanda ya musanta cewa ɗakin ya ƙone.

Gobara tana da hayaƙi, kowa yana ganinta. Asarar da ta fi damun masu aiki da kwamfuta kuwa a ɓoye take zuwa. A 2024 kamfanin Iron Mountain, wanda sana'arsa ita ce ajiye wa manyan kamfanoni kayansu, ya bayyana cewa kusan ɗaya cikin biyar na had-dis ɗin waƙoƙi na shekarun 1990 da ake kawo masa ba sa buɗuwa. Wasu daga cikinsu kaya ne da aka adana cikin kwalinsu. A watan Maris na 2019 kuma shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen ƙaura daga wata na'urar ajiya zuwa wata. Mawaƙan da suka ɗauka intanet ta riƙe musu amana suka wayi gari ba komai.

To, idan haka ta faru ga masu kuɗi da ma'aikatan ajiya, ina ga situdiyo mai ɗaki ɗaya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, inda kwamfuta guda ke ɗauke da aikin mawaƙa hamsin, ga ɗaukewar wuta, ga ƙurar hunturu?

Tushen matsalar yana cikin abin da mutane ke kira "aikin" kansa. Mai kiɗa ya buɗe FL Studio ko Cubase, ya yi wuni yana ɗora kiɗa da murya da amshi, ya danna ajiyewa, ya ga fayil mai ƙarewa da .flp ko .cpr. A ransa waƙar ke nan. Amma wannan fayil ɗin, wanda sau da yawa bai wuce 'yan megabayit ba, umarni kawai ya ƙunsa. Kamar littafin awon tela yake: an rubuta sunan mai riga, tsawon hannu, faɗin wuya da irin aikin da za a yi, amma shaddar tana wani wuri daban. Fayil ɗin yana cewa a ɗauko muryar da ke folda kaza, a fara ta a daƙiƙa kaza, a bi da ita ta fulogin kaza, a rage mata ƙarfi a amshi na biyu. Muryar kanta fayil ce dabam. Sautin kalangun da aka saro daga wani tarin sautuka yana can wata folda. Fulogin ɗin kuma manhaja ce ta wani kamfani, mai lasisinta da shekarunta. In ɗaya ya kuɓuce, abin da zai buɗe ba shi ne abin da mawaƙin ya ji ranar da ya biya kuɗi ba.

Ga misalin da kusan kowane mai situdiyo ya taɓa gani ko ya ji labari. FL Studio, in ba a keɓe wa aiki foldarsa ba, yana zuba duk muryoyin da aka ɗauka a folda ɗaya ta gama-gari mai suna Recorded, a can cikin ɓangaren da Windows ke zaune. Kwamfuta ta fara nauyi ko ƙwayar cuta ta shige ta, aka kai wa mai gyara, ya ce sai an yi fomatin. Mai situdiyo ya kwashe fayilolin .flp ɗinsa tsaf a filash, hankalinsa kwance. Bayan an dawo da kwamfuta ya buɗe aiki: kiɗa ya tashi, layin murya yana nan da sunansa, amma shiru. Muryoyin shekara biyu sun tafi tare da tsohuwar Windows.

Cubase yana da nasa tarkon. Kowane aiki yana zuba sautinsa a foldar Audio da ke cikin foldar da aka nuna masa. Mai gaggawa sai ya riƙa buɗe sabuwar waƙa a foldar tsohuwa, waƙoƙi biyar su tarayya a kan ma'aji ɗaya. Ranar da ya ga wuri ya cika, ya ce wa manhajar ta share duk sautin da wannan aiki ba ya amfani da shi, tana iya haɗawa da muryar da wata waƙar ta dogara a kanta, domin ita aikin da ke gabanta kaɗai ta sani. Masu yin manhajojin sun san da wannan, shi ya sa kowacce take da umarnin tattara kaya: Back up Project a Cubase, Save Copy In a Pro Tools, Collect All and Save a Ableton Live, ita kuwa FL Studio tana dunƙule aiki da sautukansa a fayil ɗin zip guda. Danna shi ba ya cin minti biyar. Yawancin mutane ba sa dannawa sai bayan sun ɗanɗana kuɗarsu.

A ce an tattara komai daidai. Saura tsufan manhajar, kuma a nan ne tarihi yake da abin faɗa. Cubase ya fito a 1989, Pro Tools a 1991, fasahar fulogin ta VST a 1996, Auto-Tune a 1997. Duk ba su kai shekara arba'in ba, amma gawarwakin da suka bari a hanya suna da yawa. A 2002 Apple ya sayi kamfanin Emagic mai yin Logic, ya dakatar da samfurin Windows nan take. Masu ayyuka a kansa suka zama sai dai su sayi Mac ko su riƙe tsohuwar kwamfuta har ta mutu. A 2013 Pro Tools 11 ya watsar da tsofaffin fulogin na RTAS da TDM. A 2016 Cubase 9 ya daina karɓar fulogin masu bit 32. A 2019 tsarin macOS Catalina ya rufe ƙofa ga duk wata manhaja mai bit 32. Ko ɗan makullin nan na eLicenser da ake soka wa kwamfuta kafin Cubase ya buɗe, kamfanin Steinberg ya fara barinsa a 2022, ya rufe hidimarsa a 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa ta fasaha, kuma kowanne ya bar dubban ayyukan da ke buɗewa da saƙon cewa ba a sami fulogin kaza ba.

Wannan ya fi tsanani a inda ake aiki da manhajar da aka fasa makullinta, abin da ba sai an ɓoye ba, shi ne halin situdiyoyi da dama. Wanda ya saya yana da asusu a wurin kamfani, sau da yawa zai iya sauke tsohon samfuri. Wanda ya karɓa a filash ɗin aboki bai ma san lambar samfurin da ya yi aiki da shi ba.

Kiɗan fina-finan Hausa ya riga ya ratsa irin wannan sauyi sau ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990 ya zama ƙashin bayan waƙoƙin fim. Wasu daga cikin waɗannan fiyanoni a faifan fulofi suke ajiye kiɗa. Yau sai an yi yawo kafin a sami kwamfutar da ke da ramin fulofi, kuma ko an samu, abin da ke ciki umarnin kiɗa ne da ke jiran wannan fiyanon ya busa masa rai.

Abin mamaki, tsohon zaren ɗaukar sauti ya fi haƙuri. Zarurrukan da aka yi a shekarun 1970 da 1980, musamman na kamfanin Ampex, suna da wata cuta: gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisun yana shan danshi ya yi danƙo. Maganinta shi ne a gasa zaren a hankali, a zafin da bai wuce digiri 55 ba, na tsawon sa'o'i, sai ya yarda a juya shi a kwafe. Zare in ya lalace kaɗan-kaɗan yake lalacewa, ana iya ceto mafi yawansa. Had-dis kuwa ranar da ya ƙi juyawa, ya ƙi ke nan da duk abin da ke cikinsa, sai fa in za a biya ƙwararru kuɗi mai yawa, su ma ba su da tabbas.

Saboda haka ƙa'idar da masana ajiya suka tsaya a kai ita ce a fitar da waƙa daga hannun manhajar tun tana buɗewa. Reshen furodusoshi da injiniyoyi na Recording Academy, masu ba da kyautar Grammy, yana da takardar shawarwari a kan yadda ake miƙa aikin da aka gama, kuma zuciyarta ke nan. Kowane layi, murya, amshi, kalangu, jita, fiyano, a fitar da shi a matsayin fayil ɗaya miƙaƙƙe, duk su fara daga wuri ɗaya, farkon waƙar, ko da layin bai shigo ba sai a minti na uku. Shirun da ke gabansa shi ne yake riƙe masa matsayinsa. Wanda ya sami waɗannan fayiloli bayan shekara ashirin zai jera su a kowace manhaja, su hau kan juna daidai. Nau'in fayil ɗin da ake so shi ne Broadcast Wave, wanda Ƙungiyar Gidajen Watsa Labarai ta Turai ta fitar a 1997: WAV ne na yau da kullum da aka ƙara masa gurbin rubuta bayani da lokacin farawa. Ba mallakar wani kamfani ba ne, babu mai iya janye shi daga kasuwa.

Layin da sautinsa ya dogara da fulogin, kamar muryar da aka bi da ita ta Auto-Tune, sau biyu ake fitar da shi: ɗanye yadda ya fito daga makirufo, da kuma gyararre yadda aka ji shi a waƙar. Ɗanyen yana ba na gaba damar sake aiki, gyararren yana nuna masa abin da aka nufa. Kiɗan da aka buga da yatsa a fiyano a fitar da sautinsa, a kuma ajiye fayil ɗin MIDI a gefe. Sannan a haɗa da cikakkiyar waƙar, da kiɗa zalla, da murya zalla, da kiɗa haɗe da amshi ba muryar jagora. Wannan na ƙarshe shi ne mawaƙi zai zo nema da gudu ranar da aka gayyace shi wasan biki ko na Sallah.

Masu cewa wuri ba zai isa ba, ga lissafi. Layi ɗaya a bit 24 da kilohaz 48 yana cin megabayit 8.6 a minti. Waƙar minti biyar mai layi arba'in ta kama gigabayit 1.7. Had-dis mai terabayit ɗaya zai ɗauki irinta fiye da 500. Ita kuwa MP3 ɗin da ake tura wa jama'a a waya, a kilobit 128, ba ta kai megabayit biyar ba, kuma ta yi wannan ƙanƙanta ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin da ba ya dawowa. Mai situdiyon da MP3 kaɗai ya rage masa bai fi mai turin waƙa a bakin kasuwa komai ba.

Me ake ci da wannan wahala? A 1967 ƙungiyar Beatles ta ɗauki faifan Sgt. Pepper a kan na'ura mai layi huɗu kacal a situdiyon EMI da ke titin Abbey a Landan. In layukan suka cika sai a haɗe su a zuba a wani zaren a ci gaba. Kamfanin bai zubar da zarurrukan farko ba, ya lissafa su ya ajiye. Bayan shekara hamsin, a 2017, Giles Martin, ɗan furodusan da ya yi aikin na asali, ya koma kansu ya sake haɗa faifan, aka sake sayar da shi a duniya. Waƙar "Now and Then" kuwa a kaset na gida John Lennon, ɗan ƙungiyar, ya bar ta, murya da fiyano a cakuɗe. An gwada gyara ta a 1995 aka haƙura. Sai da fasahar raba sauti ta kamfanin Peter Jackson ta zo aka iya zare muryar, waƙar ta fito a Nuwamba 2023. Kusan shekara talatin aka yi ana jiran abin da layi biyu rababbu za su bayar a yini ɗaya.

Akwai misali a kusa da gida. A 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da salon situdiyon Hausa na lokacin, murya cike da Auto-Tune. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya ya sa ta a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar yana zagaya duniya da jitarsa. Sahel Sounds ɗin ne kuma ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin fina-finan Hausa. Ranar da ake ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi a ɗan ƙaramin ɗaki, babu wanda ya san wacce ce za a dawo nema daga wata nahiya, kuma wanda zai zo saye, tambayarsa ta farko ita ce ina masta.

Situdiyo mai ayyuka da yawa yana da wata matsalar ta daban, wato nemo abu a cikin tarin abubuwa. Kowa ya san foldar da ke cike da sunaye irin su "sabuwa", "sabuwa 2", "final", "final na gaskiya". Wanda ya rubuta su ma bayan wata uku ba zai iya rantsuwa a kan wadda aka ba mawaƙi ba. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne kowace waƙa da foldarta, sunan foldar ya fara da shekara, wata, rana, sannan mawaƙi, sannan waƙa, domin kwamfuta ta jera su da kanta bisa tsufa. Duk lokacin da aka yi babban sauyi a ajiye da sabuwar lamba, 01, 02, 03, kada a danne ta jiya. Mawaƙa sun saba cewa a mayar musu yadda take shekaranjiya. Ayyukan da ake kai su zauna a kwamfuta, waɗanda aka miƙa kuma aka biya su koma ma'ajin waje, kada su cika wa na yau wuri.

Sai rajista. Fayil ɗin rubutu ɗan ƙarami a cikin kowace folda, da littafi na takarda a kan tebur: wa ya rubuta waƙar, wa ya rera, su wa suka yi amshi, wa ya buga kiɗa, saurin kiɗan nawa ne, da wace manhaja da wane samfurinta aka yi, don wane fim ko wane biki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma masu nazarin waƙoƙinsu sun sha wahalar gano shekarar da aka yi wasu waƙoƙi da wurin da aka ɗauke su, saboda kaset ya yi ta yawo ba rubutu a jikinsa. 'Yan amshin fina-finan yau, musamman mata, da yawansu sunansu ba ya bayyana ko'ina. In situdiyo bai rubuta ba, babu mai rubutawa.

Game da yawan kwafi, akwai ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ta uku-biyu-ɗaya: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Gobarar Universal ta isa hujja a kan na ƙarshen. Had-dis biyu a durowa ɗaya, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Filash da SSD kuma ba wurin dogon ajiya ba ne, domin da cajin lantarki suke riƙe bayani, cajin yana zurarewa in an daɗe ba a soka su ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Mizanin masana'antar ya yi wa SSD ɗin da ya tsufa alkawarin shekara ɗaya ne a digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Kano da Yamai yana kai wa 40. Rumbun intanet yana da amfani a matsayin kwafi na uku, amma Google Drive gigabayit 15 yake bayarwa kyauta, abin da bai kai waƙa goma irin ta lissafin ɗazu ba, kuma tun Disamba 2023 Google ya ba kansa ikon share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba.

Kwafin da ba a gwada ba kuwa zato ne. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2, wani umarni da aka buga bisa kuskure a kamfanin Pixar ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin. Aka juya ga kwafin ajiya, aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Mai situdiyo ya keɓe rana a shekara ya soka kowane had-dis, ya buɗe wasu ayyuka ya saurara, kuma duk bayan 'yan shekaru ya kwashe komai zuwa sabo tun tsohon yana da rai.

Saura tambayar da kan haɗa mawaƙi da mai situdiyo faɗa: na wane ne? A 2019 aka sayar da kamfanin Big Machine, tare da mastocin faya-fayai shida na farko na Taylor Swift, a kan kusan dala miliyan 300 ba da son ranta ba. Ta koma situdiyo ta sake rera huɗu daga cikinsu, sai a Mayu 2025 ta iya sayen na asalin. A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare sautin da aka ɗauka na shekara hamsin. Babu had-dis ɗin da zai yi wannan tsawon rai, kuma ba kowane situdiyo ne zai kai ba. Don haka tun ranar da aka yi ciniki ya kamata a rubuta, ko da a rabin takarda ne, wa ke da layukan, wa zai ajiye su, har zuwa yaushe, da nawa za a biya in an zo karɓa.

Kira ga mawaƙa shi ne, duk wanda ya biya kuɗin aiki ya zo da had-dis ɗinsa ya karɓi layukansa a WAV, kada ya tafi da MP3 a waya kawai. Masu situdiyo kuma su fara da ayyukan da suka fi tsufa, waɗanda ke kan kwamfutar da ta fara tari, su fitar da su a wannan makon tun manhajar tana buɗe su. Ƙungiyoyin mawaƙa da sassan nazarin Hausa na jami'o'i su duba yiwuwar buɗe wurin da za a riƙa kai kwafi na uku.